Gudun da Ya Riƙe Ni a Lakwal

Darasinmu na yau labari ne. Labarin ƙuruciyata ne, lokacin da nake ɗan kwaleji, ina tseren gudu. Ku karanta a hankali, layi bayan layi. A ƙarshe akwai tambayoyi da lissafi.

1. Daga Malbaza zuwa Ƙonni

An haife ni a wani ƙauye kusa da Malbaza. Kowa ya san Malbaza da siminti, domin tun shekarun 1960 ake yin sa a can. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram ta ratsa garin. A lokacin Malbaza tana ƙarƙashin Ƙonni. Sai a 2011 aka ba ta hukumar kanta.

Babana manomi ne. Da damina ya noma hatsi da dawa, da rani ya yi albasa a fadama. Bai yi boko ba. Ni ne ɗansa na farko da aka rubuta a lakwal.

Tun ina ƙarami nake gudu. In awaki sun shiga gonar mutane, ni ake turawa. In an aike ni, ban iya tafiya a hankali. Amma ban san gudu abu ne da ake koyo ba.

A 1983 na ci jarrabawar satifika, aka tura ni kwaleji a Birnin Ƙonni. Daga Malbaza zuwa can kusan kilomita 35 ne. A watan Oktoba Baba ya sa ni motar ƴan kasuwa, da tabarma, da ƙullin gero, ya damƙa ni ga wani abokinsa mai sayar da goro. A zaurensa nake kwana, ni da wasu ƴan makaranta biyu. Da asuba mu ɗebo ma gidan ruwa, sannan mu wuce lakwal.

Watannin farko ba su yi mini daɗi ba. Faransancin kwaleji ya fi ƙarfina. Yaran birni suna yi ma wandona dariya. Da dare in tuna da furar innata, hawaye su zo. Sau biyu na ɗaure kayana zan koma gida.

2. Mushe mai usur

Akwai malamin wasanni a makarantar. Dogo ne siriri, kullum da usur a wuyansa da agogo a hannu. Mu dai Mushe muke ce mishi.

Wata safiya ya sa ajinmu duka mu zagaya fili sau biyu. Da muka tsaya, ya nuna ni da yatsa.

Ya ce: "Kai ɗan Malbaza, taho nan. Wa ya koya maka gudu?"

Na ce: "Awaki, Mushe."

Aji ya fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ce: "Tau, awaki sun yi aikinsu. Saura nawa. Gobe da la'asar ka taho."

Filinmu rairayi ne da tsakuwa. Mushe ya kawo igiya mai tsawon mita 10. Muka shimfiɗa ta sau 40, muna zuba toka a kan layi. Ga zagaye ɗaya na mita 400 ya fito, daidai da awon manyan filayen duniya. Ran nan na gane lissafin aji yana da amfani a waje.

Ya koya mana abubuwa uku. Na ɗaya, kada a fara gudu da sanyin jiki, sai an ɗan yi sassarfa, an miƙe gaɓoɓi. Na biyu, numfashi ya tafi daidai da taku. Na uku, mutum ya san zuciyarsa. Sai ka ɗora yatsa biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Ka sami bugun minti ɗaya ke nan. Mutum yana zaune, zuciyarsa takan buga kamar sau 70 a minti. In ya yi gudu mai ƙarfi, ta wuce 150. Wanda ya daɗe yana horo, zuciyarsa takan yi ƙarfi, bugunta ya ragu in yana hutawa.

Bayan horo mukan zauna a gindin bedi, Mushe ya ba mu labari. Daga bakinsa na fara jin sunan Isaka Dabore, ɗan damben Nijar da ya ciwo lambar tagulla a wasannin Olimfik na Munik, ƙasar Jamus, a 1972. Daga bakinsa kuma na ji labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren kilomita 42 a birnin Rum a 1960, ƙafarsa ba takalmi. Muka dubi ƙafafunmu, duk kaushi da faso. Daga ranar ba wanda ya ƙara jin kunyar gudu ba takalmi.

A nan na sami aboki. Ɗan wajen Dogarawa ne, muna ce mishi Barewa saboda saurinsa. Tare muke horo, tare muke cin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Na kwance ƙullin kayana. Ban ƙara zancen komawa gida ba.

3. Ranar da na sha kunya

Tserena na farko na mita 1500 ne, tsakanin azuzuwan makarantarmu. Mita 1500 zagaye uku ne da mita 300.

Da usur ya tashi, na fita kamar an harba kibiya. Zagayen farko na ba kowa rata. Ƴan ajinmu suna ta kiran sunana, kaina ya kumbura. A zagaye na biyu ƙirjina ya ɗauki wuta. A na uku ƙafafuna suka zama kamar turmi. Ɗaya bayan ɗaya aka wuce ni. Cikin mutum 12, na zo na 10. Barewa ya ci.

Na ɓuya bayan aji ina haki. Mushe ya same ni, ya miƙo mini ruwa.

Ya ce: "In anka ba ka damman hatsi na shekara, kana cinye su cikin wata guda?"

Na ce: "A'a, Mushe."

Ya ce: "Tau, ƙarhin jiki ma rumbu ne. A auna shi da tiya. Kai kau ka buɗe rumbu, ka zubar tun da sahe."

Wannan magana ta zauna mini. Na fara koyon raba ƙarfi: a fara da awo, a riƙe tsakiya, a ajiye saura don zagayen ƙarshe. Har karatuna na raba haka. Maimakon in bari sai daren jarrabawa, kullum sai in karanta kaɗan a ƙarƙashin fitilar mai shayi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma Mushe yana da doka. Duk wanda makinsa na aji bai kai 10 cikin 20 ba, ba shi ba fili har sai ya gyara. Ni kuwa da a hana ni fili gara a hana ni tuwon dare. Don haka na dage.

4. Shekarar El-Buhari

Daminar 1984 ba ta yi ba. Hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Dabbobi suka mutu. A shekarar kuma Najeriya ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai 1986. Ƙonni gari ne na bakin iyaka, don haka kasuwa ta mutu. Dattawa har yau El-Buhari suke kiran wannan yunwa.

Samarin Adar da na Ƙonni suka yi ta tafiya biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya. Mai masaukina ya kira mu, ya ce ba ya iya ci da mu sau biyu a yini, sai sau ɗaya. Ba laifinsa ba ne, shi ma iyali gare shi. Mushe ya rage mana horo, ya ce ba a tambayar gudu ga cikin da ba kome.

Bayan hutun Disamba Barewa bai dawo ba. Aka ce ya bi yayansa Abijan. Na zauna ni kaɗai a gindin bedi.

Ba a daɗe ba Baba ya aiko in zo gida. Na iske shi a ƙofar gida, rumbu a buɗe, ba kome ciki. Ya ce wani ɗan uwanmu zai tafi Abijan, in bi shi in nemo abin da za a ci. Ban yi musu ba. Wa zai yi musu da uba a irin wannan shekara?

Kwana uku bayan haka sai ga ƙarar babur. Mushe ne, ƙura har gira. Ya gaida Baba da ladabi, aka shimfiɗa mishi tabarma.

Baba ya ce: "Mushe, ku dai kun iya zance. Gudu shina cika rumbu?"

Mushe ya ce: "Ba shi cikawa, Baba. Ba ni yi maka ƙarya. Amma gudun nan shi ya riƙe yaron ga lakwal, karatunai kau ya hwara kyau. Saura shekara biyu da rabi. In ka cire shi yanzu, an yi shibka an bar gona ba nome."

Baba ya ce: "Mi za shi ci?"

Mushe ya ce: "Abincin rana shi taho gidana. Na dare, mai masaukinai ya ɗauka."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce: "Allah shi sa albarka. Ku tahi."

Daga baya na ji abin da ya faru. Tunkiya ɗaya ta rage ma innata, ita ta sayar aka sayi hatsin da aka ƙarasa rani da shi. Wannan bashi ne da ban taɓa mantawa ba.

5. Tafiya Tawa

Daminar 1985 ta yi kyau, mutane suka farfaɗo. A 1986, ina aji uku na kwaleji, aka zaɓe ni cikin masu zuwa gasar ƴan makaranta a Tawa. Ban taɓa zuwa ba.

Muka hau bayan babbar mota, maza da ƴan mata, da Mushe, da wata malama. A Tsarnawa muka bar hanyar Maraɗi, muka yi arewa, muka ratsa Badagishiri. Tafiyar ta fi kilomita 120. Muna waƙa, muna buga jarka, ƙura ta mai da mu jajaye. Har yau in na ji ƙamshin lemun da muka ɓare a motar nan, sai ranar ta dawo mini.

A Tawa an zo daga Illela, da Madawa, da Buza, da Keita. Aka sauke mu cikin azuzuwa, kowa da tabarmarsa. Da marece Mushe ya kai mu filin kokowa. Ya ce a wannan gari aka fara kokowar ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi.

Ƴan matanmu su ne suka fara fid da mu kunya. Su huɗu suka yi gudun miƙa sanda, kowace mita 100. Da dogon wando suka yi gudun, kansu a ɗaure. Ba su fi sauran sauri ba, amma sandarsu ba ta faɗi ba, don sun yi wata biyu suna koyon miƙa ta. Malamarsu takan ba su labarin Nawal El Mutawakkil, ƴar Maroko, Musulma, wadda ta ci zinariya a Olimfik na 1984 a Amurka.

Washegari aka kira mita 1500. Mu 14 ne a layi. Gabana yana faɗuwa. Usur ya tashi, wasu yara biyar suka fita da wuta. Na bar su. Na tuna da rumbu da tiya. A zagaye na biyu na wuce biyu. A na uku na wuce biyu. Saura ɗaya, wani dogo ɗan Keita. A mita 200 na ƙarshe na buɗe rumbuna duka. Na kamo shi, kafaɗa da kafaɗa, ina jin muryar Mushe tana tsage fili. Ya riga ni da taku biyu.

Na zo na biyu. Ɗan Keita ya rungume ni, mu duka muna haki. Aka ba ni takardar yabo, da takalmin roba, da littattafan rubutu guda biyar. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

6. Takarda a hannun Baba

Da hutu na kai ma Baba takardar. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa. A juye ya riƙe ta, kai a ƙasa. Na gyara mishi a hankali.

Ya ce: "Mi anka rubuta?"

Na karanta mishi. Da ya ji sunansa a bayan nawa, ya ce in sake.

Ya ce: "Nuna mini inda sunana yake."

Na ɗora yatsansa a kan haruffan. Ya daɗe yana shafa su. Sannan ya ce: "Ashe haka nike ga takarda. Shekara hamsin, ban san kamata ba."

Da ranin 1987 aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu. Baba yana cikin na farko da suka rubuta suna. Tsararsa suka yi mishi ba'a, bai kula ba. A shekarar na ci jarrabawar BEPC. Wasiƙar barka da ya aiko mini layi biyu ce, haruffan a karkace, amma da hannunsa ya rubuta. Tana nan a adakata tare da takardar Tawa.

Na yi aikin koyarwa shekaru masu yawa. Gwiwata yanzu ba ta yarda da gudu. Barewa ya dawo gida bayan shekara 20, yana fataucin albasa a Galmi. In mun haɗu mukan sha shayi, mu tuna filin toka. Yakan ce da ya sami wanda ya biyo shi da babur, da ya ƙarasa. Duk ƴaƴansa, maza da mata, suna makaranta.

7. Ga iyaye

Wasu iyaye suna cewa wasa ɓata lokaci ne. Wasu kuma suna zaton ɗansu zai yi arziki da ƙwallo, har su bar shi ya yar da karatu. Duka biyun akwai gyara.

Ku duba wannan. Nijar ta fara zuwa Olimfik a 1964. Daga nan zuwa 2024, lambobi biyu ta samo: ta Isaka Dabore a 1972, da azurfar Abdul Razak Isufu Alfaga a wasan tekwando a birnin Riyo na Barazil a 2016. Shekara 60, mutum biyu. Masu ci da wasa kaɗan ne. Amma yaran da wasa ya riƙe a aji, ya ba su lafiya da abokai da haƙuri, ba su ƙirguwa. Ni ɗaya ne cikinsu.

In ɗanka ko ɗiyarka na son wasa a makaranta, ga abin lura:

Ka je ka ga malamin wasanni, ka san shi, ka san lokacin horo da lokacin tashi.

Ka nemi takardar sakamako kowane zango. In maki ya yi ƙasa da 10 cikin 20, a rage wasa har a gyara.

A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40. A yi gudu da sassafe ko bayan la'asar, ban da tsakar rana.

Yaro ya sha ruwa kafin wasa da bayansa. Kada ya yi gudu da yunwa, kada kuma ya yi daga gama cin tuwo.

In ƙusa ko kwalba ta yanke shi, a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi likita. Kada a zuba ƙasa ko toka a ciwon.

A tsare shi daga ƙwayoyi irin su tiramol. Ba su ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya suke yi, su lalata mutum.

Ɗiya mace ma tana da jiki da zuciya. Da suturarta ta mutunci da malama a kusa, ba abin da zai hana ta.

Ku kuma da kuke wannan aji, kun shiga dogon tsere. Kada wanda ya riga ku iya haɗa baƙi ya karya muku gwiwa. Ku zo kullum, ku karanta kaɗan kowane dare. Baba ya fara yana da shekara hamsin da ƴan kai, kuma ya kai.

Kalmomin lura

Lakwal: makarantar boko.
Mushe: malamin makarantar boko.
Kwaleji: makarantar shekara huɗu da ake shiga bayan firamare.
Biɗa: tafiya wata ƙasa neman kuɗi.
Horo: maimaita aiki kullum don jiki ya saba.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai labarin ya ɗaure kayansa sau biyu?
2. Waɗanne abubuwa uku Mushe ya koya ma yara?
3. Me Mushe yake nufi da cewa ƙarfin jiki rumbu ne?
4. Me ya sa ƴan mata suka ci gudun miƙa sanda?
5. Me ya kai Baba ajin yaƙi da jahilci?
6. Da kai ne Baba a shekarar yunwa, wace shawara za ka yanke? Ku tattauna.

Lissafi

1. Igiya tana da mita 10. Sau nawa za a shimfiɗa ta a sami mita 400?
2. Yaro ya zagaya filin mita 400 sau 5. Mita nawa ya yi? Kilomita nawa ke nan?
3. An ƙirga bugun jijiya 18 cikin daƙiƙa 15. Bugu nawa ne a minti ɗaya?
4. Daga 1972 zuwa 2016 shekara nawa ne?

Aikin rubutu

Rubuta layi biyar a kan wasan da ka fi so kana yaro: langa, kokowa, ƙwallo, gaɗa ko wani. A ƙasa ka rubuta sunanka da na mahaifinka, da sunan garinku.